Bes mai tsirkiya shida: a fara da ita, ko a bari sai hannu ya faɗa?

Nura: Jama'a, Yakubu ya gaji da aron jitar mutane, yana so ya sayi bes tasa, wato jitar nan mai kaurin murya. Na ce masa ya tsallake mai tsirkiya huɗu da mai biyar, ya ɗauki mai shida kai tsaye, shi kuma ya ce in kawo maganar nan a ji bakin kowa. To ga matsayina: duk wanda zai sayi bes guda ɗaya ya riƙe ta shekaru, mai shida ce daidai da shi. Mai huɗu sautukan tsirkiyoyinta E, A, D, G ne. Mai shida waɗannan huɗun ne dai, aka ƙara B mai kauri a gefe guda, C siririya a ɗaya gefen. Duk abin da mai huɗu za ta kaɗa yana cikinta. Me zai sa mutum ya sayi ƙarama, an jima kuma ya koma neman babba?

Baba Iliya: Nura, zo mu yi lissafi kafin ka kashe wa yaron nan kuɗi. Ɗauki bes biyu, kowace da gaɓa 24 a wuyanta, wato wuraren da ake danna tsirkiya don sauya sauti. Tsirkiyar B ta ƙara maka sauti biyar ƙasa da E. Tsirkiyar C ta ƙara maka biyar sama da inda G ta ƙare. Goma ke nan. Duk sauran sautukan da ke kan waɗannan tsirkiyoyi biyu suna nan a mai huɗu, wuri ne kawai ya bambanta. Saboda sauti goma za ka ɗora masa faffaɗan wuya da nauyi a kafaɗa? James Jamerson da tsirkiya huɗu ya yi aikin da ya yi a kamfanin waƙoƙi na Motown. Jaco Pastorius ma huɗu ce. Ban ji wanda ya ce kiɗansu ya gaza ba.

Nura: Baba, su ma a zamaninsu abin da ke kasuwa ke nan.

Baba Iliya: Jaco ya rayu har 1987. Ya ga masu biyar da masu shida da idonsa.

Rahila: Baba, lissafinka daidai ne, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Ni da nake kaɗa mai shida ban saye ta don sauti goma ba. Na saye ta ne don hannuna ya daina safa da marwa a kan wuya. Idan ka ajiye hannun hagu wuri guda a mai huɗu, abin da yatsunka za su kai bai wuce okteb ɗaya da rabi ba, okteb kuwa tazarar da ke tsakanin sauti da takwaransa na sama ce, kamar daga E zuwa E na gaba. A mai shida, ba tare da ka gusa ba, kana da fiye da okteb biyu. Ga misali na kusa: F na ƙasa. A mai huɗu dole ka je gaɓa ta farko, can ƙarshen wuya, inda faɗin gaɓar ya kusa santimita biyar, yatsu a ware, kafaɗa a miƙe. A tawa ina samun wannan F ɗin a gaɓa ta shida ta tsirkiyar B, inda faɗin bai kai santimita huɗu ba, hannu kusa da jiki. Wanda yake karanta takardar kiɗa yana kaɗawa ya san darajar kada ido ya bar takarda don duba inda hannu zai sauka.

Sannan ga maganar mawaƙa. Mawaƙiya ta ce muryarta ba ta kai ba yau, a sauke waƙar daga E zuwa E-filat, sauti ɗaya ƙasa da E. Mai huɗu ya shiga uku: ko ya kwance tsirkiya ya sake saiti a tsakiyar taro, ko ya haura okteb ɗaya sama, ƙasan kiɗan ya zama fayau. Ni gusawa ɗaya zan yi baya, shi ke nan.

Bala mai ganga: Yaya Rahila, duk abin da kika lissafa aikin B ne. Mai biyar ta wadatar. Ki gaya mana amfanin C.

Rahila: Kod, wato kaɗa sautuka da yawa tare, da amsa wa mawaƙi, da lokacin da aka ba ka fili kai kaɗai.

Bala mai ganga: Yawwa, nan nake jira. Ni abin da nake nema wurin mai bes shi ne ya zauna tare da ƙafata ta dama. In na taka babbar ganga in ji shi a ƙarƙashina. Da yawan masu sabuwar mai shida, da zarar sun gano siririyar nan, sai su tashi sama su bar ni ni kaɗai, su je suna rububi da mai jita da mai kibod a wurin da ya riga ya cika. Ba laifin kayan ba ne, na sani. Amma yaron da bai gama koyon riƙe lokaci ba, ka miƙa masa abin da zai ɗauke masa hankali?

Nura: Wannan matsalar tarbiyyar makaɗi ce, Bala. John Patitucci mai shida yake riƙewa tun yana tare da Chick Corea, ka taɓa jin ya bar mai ganga a hanya? John Myung fa? Thundercat fa? Kuma ku tuna yadda abin ya samo asali. Anthony Jackson ne ya matsa a ƙera masa ita a tsakiyar shekarun 1970, Carl Thompson ya yi masa ta farko, daga baya ya yi aiki da Ken Smith, sannan kamfanin Fodera. Hujjarsa ita ce bes ta lantarki 'yar gidan jita ce, tsirkiya huɗun da Leo Fender ya sa wa bes tasa ta Precision a 1951 gado ne daga babbar bes ta tsaye, ba wata doka ba.

Malam Kabiru: Ku bari mai gyara ya sa baki, don a hannuna suke ƙarewa. Nura, ka kawo Anthony Jackson, to ka ƙarasa labarin: ta farkon da aka ƙera masa bai gamsu da ita ba, tsirkiyoyin sun matsu da juna. Har yau wannan ce matsalar da ba ta da maganin da zai gamsar da kowa. A yawancin masu huɗu tazarar tsirkiya da tsirkiya a wajen da hannun dama ke kaɗawa milimita 19 ce. In ka riƙe wannan tazarar a mai shida, wuya zai yi faɗin da ƙaramin hannu zai sha wuya kafin ya kai B. In ka matse ta zuwa 16.5, kamar yadda Ibanez ke yi a jerin SR, wuyan zai riƙu, amma mai dukan tsirkiya da babban yatsa yana fizgo ta da manuni zai ga yatsansa ba ya samun shiga tsakani. A saman wuya kuwa, faɗin Jazz Bass mai huɗu ta Fender milimita 38 ne, na mai shida ta SR 54. Yakubu, wannan ba abin da za ka gane a hoto ba ne. Sai ka riƙe.

Abu na biyu, kuma shi ne wanda masu saye ba sa dubawa: tsirkiyar B. A masu araha da yawa B ɗin sakwaf take, ka kaɗa ta sai ka ji ruri kawai, ba ka iya bambance C da D a kanta. Shi ya sa wasu kamfanoni suka ƙara tsawon tsirkiya daga inci 34 zuwa 35, Dingwall kuma suka karkata gaɓoɓin har B ta kai inci 37 alhali sirara suna da gajarta. Tsawo yana taimakawa, amma ba shi kaɗai ba ne. Na ga masu inci 34 da B ɗinsu take tsaf saboda wuyan yana da tauri kuma an haɗa shi da jiki da kyau. In kuɗinka na mai huɗu mai kyau ne, kada ka kai su ga mai shida ta ƙasa-ƙasa.

Yakubu: Na gode Malam. To na ga wata Fender Bass VI, ita ma shida ce, kuma wuyanta siriri. Ba ta raba gardamar ba?

Malam Kabiru: A'a ƙanena, wannan wata aba ce daban. Ta fito a 1961, tsawonta inci 30, saitinta irin na jita ne, E zuwa E, sai dai okteb ɗaya ƙasa. Ba ta da B na ƙasa ko kaɗan, tsirkiyoyinta kuma a matse suke kamar na jita, yawanci da tsinke ake kaɗa ta. Tana da daɗinta, amma ba ita su Nura ke magana a kai ba.

Baba Iliya: Har yanzu ba wanda ya taɓo abin da ya fi damuna. Kaɗa bes rabi fitar da sauti ne, rabi kashe shi. Yakubu, gwada wannan a wadda ka aro: danna gaɓa ta bakwai a tsirkiyar A ka kaɗa, E ke nan, sai ka ɗaga yatsa ka kashe ta, kada ka taɓa sauran. Za ka ji babbar E tana gurnani ita kaɗai ba wanda ya taɓa ta. A mai huɗu, kana kaɗa ɗaya kana tsaron uku. A mai shida biyar kake tsaro, kuma B ta fi kowace son magana ba a tambaye ta ba. A ɗaki ba za ka lura ba. Ranar da aka ɗauki sautinka aka sake maka shi, ranar za ka ji laka a ƙarƙashin komai.

Rahila: Wannan kam gaskiya ce Baba, ba zan musa ba. Amma da hanyarsa. Ba a kafe babban yatsa wuri guda kamar yadda ake yi a mai huɗu. Kwantar da shi ake yi a kan tsirkiyoyi masu kauri, yana bin hannu duk inda ya je: in ina kan D, gefen yatsan yana kwance a kan A da E da B gaba ɗaya. Sirara kuma cikin yatsun hagu ne ke shafe su. Tambayar ita ce, wa ya fi saurin koyon wannan, wanda ya fara da shi tun ranar farko, ko wanda hannunsa ya shekara goma a kafe sannan a ce ya sake? Ni a nan nake ganin maganar Nura tana da ƙafa. Masu tahowa daga huɗu su ne suke kai hannu kan B suna zaton E ce.

Baba Iliya: 'Yata, wannan ruɗewar ta makonni ce. Wanda kuwa ya fara da abin da ya fi ƙarfin hannunsa yakan jingine shi a bango gaba ɗaya.

Hauwa: Ni ta wajen na'urar sauti zan zo. E na ƙasa yana kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa, B kuwa kusan 31, kunnen mutum kuma a wajen 20 yake tsayawa. Ƙaramar amfilifaya ta gwaji mai lasifika inci takwas ba za ta fitar da gindin wannan B ɗin ba. Abin da za ka ji sautukan da ke samansa ne, in ka matsa mata kuma ta fara ɓarɓar. Wanda zai sayi mai shida ya sa lasifika a lissafinsa. Kuma yawancin masu shida da batir mai bolt 9 suke aiki. Ka zare waya daga jikin bes in ka gama, in ba haka ba batirin yana ci ko ba ka kaɗawa.

Nura: Ba wanda ya ce kyauta ce. Amma Hajiya, wannan matsalar tana kan mai biyar ma.

Hauwa: Tana kai. Ban ce ya sayi mai biyar ba, cewa na yi ya san abin da zai biyo baya.

Malam Kabiru: Ƙara da tsirkiya. Saitin shida ya fi tsada, kuma ba kowane mai sayarwa ke ajiye shi ba, sai ka ga mutum yana haɗa saitin biyar da C guda ɗaya daban. Jan da tsirkiya shida ke yi wa wuya ya sa wasu masu ƙira suke sa sandar ƙarfe biyu a ciki maimakon ɗaya, wanda bai iya ba kuma in ya ɗaure ɗaya ya bar ɗaya sai wuyan ya murɗe. Ga kan jitar da maɗaurai shida, yakan rinjayi jiki ya riƙa sunkuyawa ƙasa, hannun hagu ya koma aikin tallafe wuya. Kada ka gwada ta a zaune kawai. Rataya ta da maratayi mai faɗi, ka saki hannu biyu, ka ga inda kan zai tsaya.

Bala mai ganga: Akwai ma hanyar da ba a ambata ba. In ƙasa kake so, a sa wa mai huɗu B, E, A, D. In sama kake so, mai biyar a yi mata E zuwa C.

Malam Kabiru: Ana yi. Sai dai a ta farkon dole a faɗaɗa ramukan da tsirkiya ke kwanciya a saman wuya, kuma in an faɗaɗa ba a mayarwa sai an canza abin.

Nura: Duk dabarun nan na neman abin da mai shida ta riga ta ba ka ne a wuri guda. Ina nan kan bakata.

Rahila: Ni kuma rabi nake tare da kai. Yakubu, wane kiɗa kake yi yanzu, kuma a cikin waƙoƙin da kuke yi nawa ne suka taɓa sa ka neman abin da ke ƙasa da E?

Yakubu: Da yawa, Yaya, mai kibod ɗinmu yana son E-filat da D. Sama kuwa gaskiya ban cika wuce gaɓa ta goma sha biyu ba.

Baba Iliya: To ka ji. Biyar.

Nura: Bai wuce ba ne don ba shi da inda zai je cikin sauƙi.

Rahila: Zo ka ɗauki tawa ka yi gwajin ƙungiya da ita, a tsaye, daga farko har ƙarshe, ka sa a ɗauki sautin. Tazararta 17 ce. Malam Kabiru, in akwai mai biyar a wurinka ka ba shi ita ma ya haɗa.

Malam Kabiru: Akwai, amma mai 19 ce, kuma tsirkiyoyinta sun tsufa. Ya bari in canza su tukuna, kada ya yanke wa B ɗinta hukunci a kan tsohuwar tsirkiya.