Tambaya kan gyara da fentin rak ɗin sitiyarin tsohuwar MGB

MaiTsohuwarMota:
Assalamu alaikum. Ina aikin farfaɗo da wata motar Birtaniya mai suna MGB, ƙirar 1971, kuma yanzu na iso kan sitiyari. Da na sauke rak ɗin, wato sandar ƙarfe mai haƙora da ke cikin bututu wadda ke juya tayoyin gaba, sai na tarar robobin ƙura na gefe biyu sun tsage, ɗan man da ya rage a ciki ya cakuɗe da ƙasa, bututun kuma duk ya yi tsatsa. Kafin in sauke shi, sitiyarin yana wasa idan tayoyi suna miƙe, amma da zarar an karya shi zuwa ƙarshe sai wasan ya ɓace. Shin irin wannan rak yana gyaruwa, ko sai dai a nemi wani? Sannan wani ya ba ni shawarar in kai a feshe shi da yashi yadda yake, ba tare da an kwance shi ba, kafin a yi masa fenti. Ina neman shawarar masana.

TsohonBakanike:
Wa alaikumus salam, malam. Abin da ka bayyana shi ne ciwon kusan kowane tsohon rak, domin mota ta fi yin tafiya a miƙe, saboda haka haƙoran tsakiya ne ke cinyewa, na gefe kuwa su zauna kamar sababbi. A daidai inda ƙaramin giyan sitiyari ke haɗuwa da haƙoran akwai murfi, a ƙarƙashinsa akwai sifirin da wani ɗan ƙarfe mai danna rak ɗin, kuma siraran fallayen ƙarfe da ake kira shim, da ke ƙarƙashin murfin, su ne ke ƙayyade yawan dannawar. Idan an rage shim, wasan yana raguwa. Sai dai a nan ne haɗarin yake: wanda ya yi ta rage shim har wasan tsakiya ya ɓace gaba ɗaya zai tarar sitiyarin yana cijewa a ƙarshen kwana, ya ƙi dawowa da kansa, kuma wannan ya fi ɗan wasan muni a kan hanya.

Don haka ka kwance shi duka, ka wanke da kananzir, ka duba haƙoran a cikin haske sosai. Idan ka ga sun yi kaifi, ko sun yi ƙananan ramuka saboda ruwan da ya shiga ta tsagaggiyar roba, to shim ba zai yi magani ba, sai an sauya. Ka mirgina sandar rak ɗin a kan gilashi ko wani shimfiɗaɗɗen abu, domin idan ta lanƙwashe za ka ga tana ɗagawa. Ka kuma gwada bushin na ɗaya ƙarshen bututun, da mahaɗan ciki na tayarod, wato sandunan da ke haɗa rak da tayoyi; tayarod mai lafiya yana motsi da ɗan tauri, ba ya faɗuwa lako-lako. Bayan ka haɗa, ka kama shi a bais, wato matsewar ƙarfe ta kan teburin aiki, ka juya daga ƙarshe zuwa ƙarshe da hannu, ka zaɓi yawan shim ɗin da ba ya sa shi cijewa a ko'ina.

MaiFenti:
Batun feshin yashi ba tare da kwancewa ba, ina roƙonka kada ka yarda. Yashin yana shiga ta kowace kafa komai yadda aka toshe ta, kuma idan ya haɗu da mai a kan haƙora aikin samfefa zai riƙa yi. Bututun kaɗai ake fesawa, bayan an fitar da komai, sannan a wanke cikinsa da kyau. Gidan ƙaramin giyan alminiyam ne, fenti ba ya kama shi sai an fara sa firaima mai cin ƙarfe, kodayake ni na fi son a goge shi kawai a bar shi da launinsa. Bututun kuma firaimar ifoksi, sai baƙin fenti mai matsakaicin sheƙi. Ka rufe tiredin tayarod, da mazaunin robobi, da fuskar da ke zama a kan jikin motar, domin fenti mai kauri a wurin yana murƙushewa daga baya, ƙusoshin su saki. Idan fentin gari za a yi, wanda ake gasawa a zafin da ya kai kusan digiri 200 a ma'aunin Selsiyas, to kada a bar roba ko sil ko ɗaya a jiki.

MaiTsohuwarMota:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Idan na zo haɗawa, giris zan cika masa?

TsohonBakanike:
Masu wannan mota sun daɗe suna saɓani a kan haka. Kamfanin ya tsara rak ɗin ne da man giya mai lamba 90, kimanin kashi ɗaya cikin biyar na lita, kuma motsin robobin ne ke tura man daga gefe zuwa gefe har ya kai ga bushin. Masu son giris suna cewa ba ya zuba idan roba ta tsage, kuma gaskiya ne, amma giris mai kauri haƙora na ture shi gefe ya tsaya can. Ni dai ina tare da mai, muddin robobin sababbi ne kuma an ɗaure su da kyau. Kafin ka mayar da kan tayarod, ka tsayar da rak ɗin a tsakiya, ka sa tsawon gefen biyu ya zo daidai, sannan a yi alaimen, gaban tayoyin ya shigo ciki da kimanin milimita 2.