Fankar tsohuwar kwamfuta tana gurnani, injin yana ɗaukewa

Mai tambaya, Marwa:
Assalamu alaikum. Kwamfutar tebur ce, mai furosesa (ƙwaƙwalwar injin) Core 2 Duo. Fankar furosesa tana gurnani, wani lokaci sai an tura ta da yatsa take tashi, injin kuma yakan mutu idan rana ta take. A sa mata mai ko a canza?

Mai gyara, Garwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Canza ta. Ƙurar hunturu ce ta shanye man da ke cikin gindinta, ƙarfen ya cinye. Ɗigon man keken ɗinki zai sa ta yi shiru na ɗan lokaci, amma zafin Afrilu ba zai bar ta ba.

Cire tsohuwar ka tafi da ita kasuwa. Duba faɗinta (80 ko 92 milimita galibi, kauri 25), da takardar bayanta: 12V, da amfiya, wato yawan wutar da take ja. Wurin da ake sokawa a kan carte mère (babban allon da ake soka komai a kansa) yawanci amfiya 1 yake ɗauka, kada sabuwar ta wuce haka. Ƙirga wayoyi kuma. Mai waya uku tana shiga gurbin mai huɗu, sai dai galibi za ta riƙa gudu da ƙarfi kullum, domin waya ta huɗun ce ke rage gudu.

Idan ka ɗaga alminiyan ɗin da ke ƙarƙashinta, dole ka goge tsohon pâte thermique (man da ke tsakanin furosesa da alminiyan) da alkwal mai kashi 90 cikin ɗari, ka sa sabo kamar ƙwayar shinkafa a tsakiya. Kada ka cika shi. Ƙafafun roba huɗun nan da ke riƙe alminiyan a soket 775 (mazaunin furosesa) a gicciye ake danna su, biyu biyu, har ka ji ƙas. Ɗaya ta ƙi zama, zafi zai dawo ko da fankar sabuwa ce.

Ɗan Kusiri:
Ƙari kaɗan, yallaɓai. Idan Dell Optiplex ce, da yawansu fulogi mai rami biyar gare su, ta gama-gari ba ta shiga. Nemo ta wata matacciyar kwamfuta irinta. Kafin ka taɓa komai, zare wayar wuta, ka danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci.

Mai gyara, Garwa:
Gaskiya ne. A soka fankar a gurbin da aka rubuta CPU_FAN, in ba haka ba injin zai tsaya yana neman a danna maɓallin F1. Kibiyar gefenta kuma ta fuskanci alminiyan.