Ruwan sama na shiga gidan gaban tsohuwar akori-kurata, wa ya taɓa fama da wannan?

Mai akori-kura '98:
Salam 'yan uwa. Dan Allah wanda ya taɓa shan fama da yoyon ruwa a gidan gaban mota ya zo ya ba mu labarin yadda ya ƙare da shi. Tawa ƙirar 1998 ce mai ƙofa biyu, inji lafiya lau ba na kuka da shi, amma tunda damina ta kankama duk daren da aka yi ruwa da safe sai in tarar da kafet ɗin gefen mai zaman banza ya jiƙe sharkaf, in ka taka har wani caɓal-caɓal kake ji, ga wari kamar an manta wanki a bokiti, ga gilas na gumi ta ciki. Na zagaye gilashin gaba da silikon har sau biyu amma kamar ma ƙara shi nake.

Tsohon direba:
Wa'alaikassalam. Tambaya ɗaya kafin komai, ka tabbata ruwan sama ne? Don ni na taɓa ɓata wata guda ina zargin sama ashe esi ne. Akwai wani ɗan tiyo na roba da ke fitar da ruwan esi ta ƙasan mota, in ya toshe da ƙura sai ruwan ya taru ya zubo daidai ƙafar mai zaman banza ɗin nan da ka ce. Sa yatsa ka taɓa ka sansana. In fari ne tas ba wari kuma yana zuwa ko ranar da ba a yi ruwa ba to esi ne. In yana da santsi da kala da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, wannan ruwan lagireto ne yake tsiyaya ta hita, magana ta canja kenan. Tiyon nawa matsa bakinsa kawai na yi da hannu taɓo ya faɗo ruwa ya biyo. Kar dai a zura waya mai tauri can ciki, ana iya huda abin da ya fi tiyon tsada.

Mai akori-kura '98:
Baba esin nawa ya shekara uku bai yi aiki ba hhh. Sai an yi ruwa ko na kai ta wanki.

Mai fanal-bita:
Toh ai ga shi nan. Malam ka daina sa silikon ɗin nan don Allah, wlh mu muke shan wahalarsa daga baya. Irin mai warin tsami ɗin nan da ake sa wa tagar gida yana cin ƙarfe, tsatsa yake jawowa a ƙarƙashinsa, kuma duk inda ya taɓa fenti ba ya kamawa, gam ɗin gilas na gaske ma ba ya kamawa sai an kankare shi tas. Kuma abin da mutane ba sa ganewa shi ne inda ruwa ya ɗiga ba nan ya shigo ba, yana iya shiga ta rufi ya bi ginshiƙin gefen gilas ya gangaro bayan dashbod sannan ya fito a ƙafarka, kai kuma kana can kana liƙe inda ba shi da laifi.

Yadda muke yi, mutum biyu ne. A ɗaga kafet, a cire robobin gefen ƙafa, ɗaya ya kwanta ciki da tocila, ɗaya a waje da tiyo, ruwa a hankali ba da ƙarfi ba. A fara daga ƙasa ana hawa, ƙasan ƙofa tukuna, sai gindin gilas wajen waifa, sai gefen gilas, rufi shi ne ƙarshe, kuma kowane waje a tsaya kamar minti biyar don wani yoyon ba ya nuna kansa da wuri. In ka fara daga rufi ruwa zai wanke ko'ina ka rasa na kamawa.

Mai ɗaukar katako:
Nawa gindin gilas ne, kuma ina zargin naka ma shi ne tunda gefen dama ne ko hagu dai wajen mai zaman banza. Ka ga wannan ragar da ke ƙarƙashin waifa, tsakanin bonet da gilas? To ƙarƙashinta kwari ne kamar kwata, duk ruwan da ya sauko daga gilas nan yake faɗawa ya bi ta gefe biyu ya fita ta bayan tayoyin gaba. Kuma a cikin kwarin nan ne bakin da fanka ke jan iska daga waje yake. Ni a ƙarƙashin bishiya nake fakin kullum, ranar da na kwance waifa na ɗaga ragar abin da na gani ya ba ni tsoro, ganye ya ruɓe ya zama baƙar ƙasa, har da wani ɗan tsiro ya fito wlh ba ƙarya. Ramukan fitar ruwan sun toshe, ruwa ya cika ya tumbatsa ta bakin fanka. Shi ya sa in na kunna fanka nake jin kamar ana kurkure baki a cikin dashbod. Na kwashe da hannu na bi da tiyo har sai da na ga ruwa na zuba ta ƙasa gefe biyu. Amma fa na makara, akwai rami kamar girman kwabo da tsatsa ta ci, sai da aka yi walda.

Hajiya mai gona:
Ni kuma nawa ta baya ne, na rubuta ko zai amfani wani. Bayan kujera ne ke jiƙewa, sai bel ɗin kujera ya yi sanyi, silin ɗin rufi ya yi wani tabo kamar taswira. Kowa ya ce gilashin baya ne mai zugewa, aka canja robarsa, ba a rabu da Bukar ba. Ashe fitilar birkin nan ce ta saman rufi, wadda take can sama da gilashin baya. Ƙananan akori-kura da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1994 suna da ita don doka ce a can. Sukuru biyu ne kawai ke riƙe da tawa, da yarona ya kwance sai ga soson da ke bayanta ya bushe ya zama kamar busasshen ganye, yana taɓawa yana marmashewa. Sabon soso aka yanka aka sa, shikenan. Ya ce kar a ɗaure sukurun da ƙarfi sosai don robar fitilar na tsagewa.

Bakanike:
Hajiya gaskiya ne, wannan fitilar ta wahalar da mutane da yawa. Bari in ƙara da na ƙofa. Mutane na ɗauka ruwa ba ya shiga cikin ƙofa, alhali yana shiga ta gefen gilas kullum, haka aka yi ta, sai ya fita ta ƙananan ramuka a ƙasan ƙofar. Abin da ke hana shi shigowa ciki ledar nan ce da ke manne bayan murfin ƙofa. Sai a zo gyaran na'urar gilas ko a sa sifika a yage ledar a yar, wai ba ta da amfani. Na sha gani. In an mayar da ita a manne da baƙin gam ɗin nan mai kama da cingam wanda ba ya bushewa, ba salatef ba. Sannan robar bakin ƙofa, sa takarda ka rufe ƙofa a kanta ka ja, in ta zare salin-alin to nan robar ba ta matsewa. Wani lokacin ma robar lafiyarta ƙalau, ƙofar ce ta sauka don hinji ya ci, ɗaga ta da hannu in ka ji tana wasa ka san inda matsalar take.

Mai fanal-bita:
Na manta kwatar rufi. Tsofaffin nan inda aka haɗa rufi da gefe akwai wani gam da aka bi layin da shi tun daga kamfani, in ya tsufa yana tsagewa siriri kamar gashi, ba ka gani sai ka wanke ka duba da kyau. A kankare tsohon, a goge tsatsar da samfefa, a sa fentin ƙasa sannan a bi da sabon gam na bodi wanda fenti ke kamawa. In ba mai riƙe maka tiyo, barbaɗa hoda a inda kake zargi ta ciki, da safe za ka ga sawun da ruwan ya bi.

Tsohon direba:
Kuma ko an samu yoyon kar ka bar kafet ɗin nan a haka. Ƙarƙashinsa akwai wani abu kamar bargo mai shan ruwa, sama zai bushe ka ɗauka an gama alhali ƙasa na jiƙe har makonni. Ni haka na yi sakaci, ranar da na ɗaga ina hango kwalta ta ƙasan ƙafata. Ga wayoyi da ke bi ta nan, wasu motocin ma ƙwaƙwalwar injin a gefen ƙafar nan take.

Mai akori-kura '98:
Na gode ƙwarai 'yan uwa, Allah ya saka. Jiya na yi gwajin tiyon, ƙanina a waje ni a kwance ciki wuyana har ya ƙage. Ƙofa ba komai. Gindin gilas akwai ganye kam na kwashe kusan cikin leda, amma ba ta fanka yake shigowa ba. Muna kai minti huɗu a wajen sai na ga ɗigo yana bin wata waya a hankali yana sauka. Na bi ta da tocila, ashe wanda ya sa mini ƙarin fitila bara ne ya zare robar da ke toshe ramin da wayoyi ke ratsawa daga wajen inji, ya zura wayarsa ya bar ramin a buɗe. Na samu roba na mayar, na lanƙwasa wayar ta yi ƙasa kafin ta shiga don ruwan ya ɗige a waje. An yi ruwa da asuba, ƙarfen a bushe yake. Kafet na shanye a rana. Oga mai fanal-bita yanzu saura silikon ɗin da na lafta wa gilas, da me zan kankare shi ban cire fenti ba?