Neman shawara: An ce halittun wata duniya da na ƙirƙira mutane ne da aka shafa wa launi

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum 'yan'uwa marubuta da makaranta. Ina cikin damuwa game da ƙagaggen labarin kimiyya da nake rubutawa, kuma ina roƙon duk wanda Allah ya ba sani ya taimaka mini. Tun ina yaro nake sha'awar taurari, kuma tunanin labarin ya zo mini ne bayan na karanta cewa a shekarar 1977 an harba kumbo biyu, Voyager 1 da Voyager 2, kowanne ɗauke da faifan da aka shafe da zinare, wanda aka naɗi gaisuwa cikin harsuna 55 a kansa, ko da wata halitta za ta tsince shi wata rana. Da hannu na fara rubutawa, daga baya na mayar da shi kwamfuta, kwamfutar ta lalace na rasa babobin farko, na sake rubuta su daga ka, har iyalina suka fara ƙorafin cewa ba na barci. A labarin, wata al'umma ta tsinci faifan ta aiko da tawaga, 'yar shugaban tawagar ta auri wani masanin taurari ɗan Adam, suka haifi ɗan da zai sasanta duniyoyin biyu. Da na ba wani abokina ya karanta, sai ya ce in ban da koriyar fata da dogayen kunnuwa bai ga abin da ya raba su da mu ba, domin jarumar tana kuka, tana kishi, tana jin kunyar surukanta, kuma haihuwar ma ba za ta yiwu ba. Wani kuma ya ce ya ɗauka aljanu ne. Mene ne ainihin abin da ya kamata ya bambanta mu da irin waɗannan halittu, kuma yaya zan gyara ba tare da na rushe littafin ba?

Tsohon malamin bayoloji:
Wa alaikumus salam. Ɗana, abokinka ya faɗa maka gaskiya, kuma zan fara da batun haihuwar domin nan ne matsalar ta fi girma. Doki yana da kuromosom (wato ƙunshin ƙwayoyin gado da ke cikin ƙwayar halitta) guda 64, jaki yana da 62, kuma duk da kusancin da ke tsakaninsu, alfadarin da suke haifa yana zuwa da 63, shi ya sa kusan ba ya haihuwa. Mutum yana da 46, kuma babu wata dabba a bayan ƙasa da ya taɓa haihuwa da ita, balle halittar da ba ta haɗa asali da komai na duniyarmu ba, wadda wataƙila ma ba da irin sinadarin gadonmu aka gina jikinta ba. Ka cire yaron nan.

Sannan ba sai ka je sama neman baƙuwar halitta ba, ka duba teku. Dabbar nan mai hannaye takwas da ake kira oktofus tana da zuciya uku, jininta shuɗi ne saboda tagulla ce ke ɗaukar iska a cikinsa maimakon ƙarfen da ke namu, kuma kusan kashi biyu cikin uku na ƙwayoyin jijiyarta a hannayenta suke. Tana da wayo har tana buɗe murfin kwalba, amma rayuwarta gajeriya ce, kuma uwar takan mutu a daidai lokacin da ƙwayayenta ke ƙyanƙyashewa, saboda haka babu abin da ɗa ke koya daga uwa. Ɗan Adam kuwa ana haihuwarsa ko kansa ba ya iya riƙewa, alhali dukushi yana miƙewa tsaye jim kaɗan bayan haihuwa. Wannan doguwar ƙuruciya ce ta tilasta mana zaman iyali, da reno, da koyarwa, kuma a kanta aure da zumunci da kunyar surukai suka tsaya. Halittar da ba ta renon 'ya'yanta ba ta da dalilin sanin suruki.

Mai neman shawara:
Na gode ƙwarai, Malam, amma yaron shi ne ƙashin bayan labarin, kuma in na cire shi babu abin da ya saura. Ai a shirin Star Trek akwai Spock, wanda mahaifiyarsa mutum ce, mahaifinsa kuma ɗan wata duniya, kuma duniya ta karɓe shi.

Tsohon malamin bayoloji:
An fara nuna wannan shiri a talabijin ɗin Amurka a 1966, kuma mutane ne suke fitowa a matsayin baƙin, don haka abin da ya fi sauƙi shi ne a liƙa wa ɗan wasa kunne a gyara masa gira. Su kuɗi da kayan aiki ne suka ɗaure musu hannu. Kai da alƙalami kake aiki, babu abin da ya hana ka ƙirƙirar halittar da ba ta da fuska kwata-kwata.

Wata marubuciya:
Ɗan'uwa, ni shawarata ka bar littafinka yadda yake. Irin wannan magana ce ta sa na ajiye nawa rubutun, bayan wani mai tace littattafai ya riƙe shi tsawon lokaci, sannan ya dawo mini da shi yana cewa jirgin da na siffanta ba zai iya tashi ba, ko kalma ɗaya bai ce ba game da halayen mutanen da na sha wahalar ginawa. Har yau in na tuna raina yana ɓaci. Makaranci yana bin labari ne saboda ya ga kansa a ciki, kuma babu wanda zai zubar da hawaye saboda halitta mai hannu takwas wadda ba ta san uwarta ba. Tare da girmamawa ga Malam, littafin labari ba littafin aji ba ne.

Ɗalibin nazarin harsuna:
Ni a ganina duka an bar inda matsalar take. Jikin baƙin bai dame ni ba, abin da ke damuna a irin waɗannan labarai shi ne yadda ake ba duniya guda hali ɗaya, a ce waɗannan duk mayaƙa ne, waɗancan duk masu hikima ne, harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, shugabansu ɗaya. Mu 'yan Adam ƙwayoyin gadonmu sun yi kama da juna da kusan kashi 99.9 cikin ɗari, amma muna magana da harsuna kusan 7,000, kuma abin da yake ladabi a wata al'umma rashin kunya ne a wata. Wannan yawan saɓani a cikin jiki iri ɗaya shi ne abin da ya fi bambanta mu da baƙin da ake ƙirƙira. Ka bar musu koriyar fatarsu, amma ka ba su ɓangarori masu gaba da juna, wasu na son a zo duniyarmu wasu na ganin haɗari ne. Kuma yaya aka yi suka fahimci gaisuwar faifan? Ƙudan zuma da rawa yake nuna wa 'yan'uwansa inda furanni suke, binciken da ya sa Karl von Frisch ya sami kyautar Nobel a 1973, jemage kuma da amsa-kuwwa yake gane hanya, saboda haka ba dole ba ne a ce da murya suke zance. Na taɓa kawo tambaya a nan kan yadda ake ƙirƙirar harshe don labari, babu wanda ya tanka mini, amma ana kawo batun soyayya sai kowa ya fito.

Tsohon malamin bayoloji:
Ɗana mai nazarin harshe, ba a raba al'ada da jiki. Ka dubi idon mutum da kyau: farin da ya kewaye ƙwayar a bayyane yake, shi ya sa daga nesa kake gane inda mutum yake kallo, kuma da shi ake harara, ake sunkuyar da ido don ladabi, uwa take tsawata wa ɗanta ba tare da ta buɗe baki ba. Mutum ne kaɗai aka sani yana zubar da hawaye saboda baƙin ciki. Ƙwaƙwalwarmu kusan kashi 2 cikin ɗari ce ta nauyin jiki, amma tana cin kusan kashi 20 na kuzarinsa, kuma dafa abinci da wuta na cikin abin da ke ciyar da ita. Al'ummar da ke zaune a ƙarƙashin ruwa ba za ta hura wuta ba, balle ta narka ƙarfe ta ƙera kumbo. Har yanzu kuma mai littafin bai gaya mana yadda duniyarsu take ba. In ƙarfin da take jan abu da shi bai kai namu ba, kamar duniyar Mas inda yake kusan kashi 38 cikin ɗari na namu, jarumarka za ta wahala kafin ta tsaya da ƙafafunta a nan. 'Yan sama-jannati da ke tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa kan rasa kusan kashi 1 cikin ɗari na ƙarfin wasu ƙasusuwansu a kowane wata. Wace iska take shaƙa, tunda kashi 21 cikin ɗari na tamu oksijin ce? Tun a 1898 H. G. Wells ya sa ƙwayoyin cutar duniyarmu suka hallaka maharan da suka zo daga Mas a littafinsa, domin ya san baƙon jiki ba ya shiga wata duniya lafiya lau.

Wani makaranci:
Akwai mafita a tsakani, Yallaɓai marubuci. Ka sa yaron ya zama maraya ɗan Adam wanda baƙuwar ta rena, ta yadda jikinsa namu ne, tarbiyyarsa tasu ce, kuma zai iya sasanta ɓangarorin ba tare da an saɓa wa kimiyya ba. Sai dai ka lura cewa Voyager 1 yana tafiyar kusan kilomita 17 a daƙiƙa, kuma a wannan gudu zai ɗauki fiye da shekara 70,000 kafin ya ci nisan da ke tsakaninmu da tauraro mafi kusa, in ban da rana.

Mai neman shawara:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Batun nisa ba matsala ba ce, domin su ne suka zo kusa da mu suka tsinci faifan. Shawarar maraya kuwa ba za ta yi ba, saboda dole jinin ɓangarorin biyu ya haɗu a jikinsa kafin kowa ya yarda da shi, kuma ina tunanin in ce likitocinsu ne suka haɗa shi da fasaharsu. Babin da take kuka a gaban mahaifinta shi ne mafi kyau a littafin, ba na jin zan iya taɓa shi. Malam, in na ce ta koyi kukan ne daga zama da mutane, hakan zai wadatar?

Tsohon malamin bayoloji:
Ba a koyon hawaye in babu gurbin da ke samar da su a ido. Ka fara amsa tambayar da na yi maka game da duniyarsu.

Wata marubuciya:
Ɗan'uwa, kada ka taɓa babin nan. In kana so ka turo mini shi in karanta, ni zan gaya maka ko ya yi.