Me ya sa aka daina tseren motoci a lambun Montjuïc?

Ɗan Jidda:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Tun da aka fara tseren Formula 1 a titin Kurnish na bakin teku a Jidda cikin watan Disamba na 2021, nake jin masu bin harkar suna ambaton wata tsohuwar hanyar tsere da ke cikin lambun shaƙatawa na Montjuïc a birnin Barcelona, wai direbobi sun so ta ƙwarai amma aka bar ta. Ina roƙon wanda ya san tarihinta ya bayyana mana abin da ya faru.

Malamin Makka:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ba a gina hanyar don tsere ba. Titunan lambun ne da ke hawa da gangara a jikin tudu ake rufewa, tsawonsu kilomita 3.79, kuma tun shekarar 1933 aka riƙa tsere a kansu. Gasar Formula 1 ta ƙasar Sifaniya ta je can sau huɗu, a 1969 da 1971 da 1973 da 1975, ana karɓa-karɓa da filin Jarama na kusa da Madrid. Jackie Stewart ya ci tseren farko da na biyu, Emerson Fittipaldi ya ci na uku. Alamar haɗari kuwa ta bayyana tun 1969, lokacin da dogayen fikafikan motocin Lotus na Graham Hill da Jochen Rindt, wato faifan da ake kafa wa mota don iska ta danne ta a kan titi, suka karye, duka biyun suka yi karo a wuri guda, abin da ya sa aka haramta irin waɗannan fikafikai ba da jimawa ba.

Hajiyar Madina:
Malam, a yi mini izini in ƙara bayani a kan 1975, domin a nan maganar take. Da direbobi suka zagaya hanyar kafin tsere, sai suka tarar ba a ɗaure shingayen ƙarfe na gefen titi yadda ya kamata ba, suka ƙi fita gwaji, har makanikai suka ɗauki kayan aikinsu suka shiga ɗaure notuna da kansu. Masu shirya gasar suka yi barazanar kai ƙara, yawancin direbobi suka haƙura, amma Fittipaldi, wanda shi ne zakaran duniya a lokacin, ya ƙi shiga. Ranar 27 ga Afrilu, Rolf Stommelen yana kan gaba sai fiffiken bayan motarsa ya karye, motar ta tsallake shinge ta hallaka aƙalla mutum huɗu. An tsayar da tseren a zagaye na 29 cikin 75, aka ba Jochen Mass nasara, aka raba wa direbobi rabin maki, kuma daga nan Formula 1 ba ta sake komawa Montjuïc ba. A ranar ne Lella Lombardi ta zo ta shida, kuma har yau babu wata mace da ta sami maki a gasar bayan ita. Abin da ke ci mini rai shi ne an yi gargaɗi da babbar murya kafin a rasa rai ko ɗaya, aka ƙi ji.

Ɗan Jidda:
Allah Ya saka da alheri, Malam da Hajiya. To, ashe tamu hanyar ta Kurnish ma abin tsoro ce, tunda lanƙwasa 27 gare ta kuma bango na dab da motoci?

Malamin Makka:
Tsoronka yana kan hanya, ɗana, domin mun ga yadda motar Mick Schumacher ta ragargaje a Kurnish a 2022, sai dai ya fita ba tare da mummunan rauni ba, saboda motocin yanzu da shingayensu sun sha bamban da na wancan zamani. Ni a ganina sakacin masu shiri ya fi ƙuncin titi laifi a Montjuïc, shi ya sa babura suka ci gaba da tseren awa 24 a wurin har 1986. Daga baya tudun ya zama cibiyar wasannin Olamfik na 1992, tseren motoci kuma ya koma filin Montmeló a wajen gari tun 1991.