Musayar waƙa: sabis ya ɗauke, ina natsuwa?

Ɗan Gusau:
Salamu alaikum 'yan uwa, ga baitoci na buɗe da su, amsa-amon "wa" ne don Allah duk mai shigowa ya riƙe shi.

Satumban 2021 aka rufe mana sabis,
Zamfara kaf ba kira, ba saƙo, ba gaisuwa.
Mutum ya hau mota har Funtuwa don kira guda,
Ya ji muryar ɗansa ya juyo cike da kewa.
Dare ya yi in duba waya in ga shiru,
Sai na koma ga carbi, nan na ɗanɗani natsuwa.
Suratur Ra'adi aya ta 28 ta gaya mana,
Da ambaton Allah ne zukata ke kwantawa.

Mai POS, Kano:
Malam ayar gaskiya ce wallahi ba ja, amma ni akwai abin da na gani da idona wanda har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, bari in faɗa.

Fabrairun 2023 lokacin canjin kuɗi,
Tsohuwa ta wuni a layi tana fama da yunwa.
Taransfa ta maƙale, an cire ba ta shiga ba,
Mai shinkafa ya ce sai alat, in babu ba bayarwa.
To me zan ce mata, Iya je ki ja carbi?
Jikoki na gida, tukunya ba ta tafasowa.

Yaya Mai Ƙanƙara, Maraɗi:
Ƙanena mu ma nan mun sha tamu.

Agustan 2023 aka yanke kuran daga Nijeriya,
Firiji ya mutu, ƙanƙarata na ta narkewa.
Jari ya bi ruwa, na yi kuka har na gode Allah,
Asuba na yi salla na ce yau ba zaman makoki, sai tasowa.
Na ranto wake na kafa kasko bakin hanya,
Baki na salati, hannu na ta juyawa.
Annabi ya ce ɗaure raƙumin sannan ka dogara,
Zikirin da nake bai hana ni fita kasuwa.

Ɗalibi daga Zariya:
Yaya Allah ya ƙara buɗi. Ni dai ba na zagin waya gaskiya, Alƙur'anina na ciki, tafsirin da nake saurare ma a ciki yake.

Oktoban 2024 Arewa ta yi kwanaki a duhu,
Shagon mai caji ya cika, layi ba ya ƙarewa.
In kai waya da magariba in wuce masallaci,
In zauna da izu guda har isha ba motsawa.
Wuta ta dawo amma ban saki wannan zaman ba,
Yanzu da hannuna nake kashe ta, ba sai ta ɗauke ba kowa.

Ɗan Gusau:
Ɗalibi baitin ƙarshen nan gyara shi, ma'anar ta yi kyau amma "kowa" ɗin nan cusa shi ka yi. Mai POS kai kuma ba ka faɗa mana yadda kuka ƙare da Iya ba.

Mai POS, Kano:
A ranar cajin cirar kuɗi ya yi tashin gwauron zabi,
Wasu na yanka talaka ba ko tausayawa.
Na zaro dubu biyu cikin 'yan kuɗin hannuna,
Na ce Iya riƙe, in ya shigo kya aiko da yaran unguwa.
Ta ɗaga hannu tana sa min albarka tana hawaye,
Daren nan na yi barci wanda na daɗe ban samu irinsa ba, ba farkawa.
Da alat ya shigo ta aiko jikanta da kuɗin cif,
Har yau in ta zo cirar kuɗi caji ba na karɓowa.