Neman shawara: taswirar kan sarki da Baba ya bari, in yi mata laminatin?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin gidan waya ne. Da muka buɗe akwatinsa bayan rasuwa, mun tarar da albam na kan sarki, da ambulan masu yawa, da wata babbar taswirar duniya a naɗe. A kan kowace ƙasa an zana kan sarkinta, gefe kuma ga jiragen ruwa da mahaya dawaki ɗauke da jakar wasiƙu. A Ingila an sa wani baƙin kan sarki mai hoton sarauniya, a Sudan mutum bisa raƙumi. Ta fara yagewa a wurin naɗi, ga ɗigo-ɗigo ja, gara ma ta taɓa kusurwa ɗaya. Ƙanina ya ce a kai ta shago a yi mata laminatin, yayana kuma ya ce a sayar. Ni dai zuciyata ba ta kwanta da ko ɗaya ba. Me kuka gani?

Wani tsohon ma'aikacin gidan waya:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya gafarta wa mahaifinka. Don Allah kada ka yi laminatin. Zafin injin yana haɗe leda da takarda, ba mai iya raba su kuma. Salatif ma kada ya kusance ta, gam ɗinsa yana zama ruwan ƙasa ya ci takarda. Ka buɗe ta a hankali, ka shimfiɗa tsakanin fararen takardu masu tsabta, nesa da bango da ƙasa saboda laimar damina da gara. Ɗigon nan laima ce ta jawo shi, kada ka goge. Baƙin kan sarkin da ka gani shi ne Penny Black, na farko a duniya, 1840, hoton Sarauniya Biktoriya. Rowland Hill ne ya kawo tsarin mai aikawa ya biya tun farko, domin a da galibi mai karɓa ke biya. Na raƙumin kuwa tun 1898 Sudan ta fara buga shi, a jikin jakar an rubuta Khartoum da Berber. Mun sha ganinsa a wasiƙun mutanenmu da suka zauna can a hanyar Makka.

Wata malamar tarihi:
Malam, fara duba ƙasan takardar, can ake sa sunan mai zane da shekara. Wani Ba'amurke, Ernest Dudley Chase, ya zana irin waɗannan da yawa, amma ba shi kaɗai ba. In babu shekara, sunayen ƙasashe za su gaya maka. In ka ga Persia maimakon Iran, wataƙila kafin 1935 ce. In akwai Pakistan, ba ta wuce 1947 a tsufa ba. In har yanzu Gold Coast aka rubuta maimakon Ghana, to kafin 1957 ne.

Wani mai tara kan sarki:
Maganar sayarwa, kada yayanka ya sa rai da kuɗi mai yawa, da yawa aka buga su, kuma yagewa tana karya farashi. Ni albam ɗin ya fi ja hankalina. Duba ko akwai mai rubutun Northern Nigeria, daga 1900 aka fara su har haɗewar 1914. Kuma kada ka ɓare kan sarki daga ambulan, hatimin gari da kwanan wata su ne rabin darajarsa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Baba da Malama da ɗan uwa. Na duba, akwai Pakistan, akwai Gold Coast, ke nan tsakanin 1947 da 1957. Ƙasan takardar kuwa nan gara ta ci. Zan ɗauki hotonta a buga wa 'yan uwana kowa nasa, ta asalin ta kwanta a shimfiɗe. A cikin ambulan ɗin na ga guda uku masu hatimin Zungeru, ban taɓa su ba tukuna.